Jirgi Biyu, Lamba Ɗaya

"Yayana ba kifi ba ne, Kawu."

"Wa ya ce maka kifi ne? Rage murya."

"Kai ka ce. Ka ce a jera shi cikin kifi, a ɗaga shi da ƙugiya, a wurga a wani jirgi."

Rasiman bai ɗago kai ba. Yana tsince ƙwari daga shinkafa, yana murƙushe su da farce a gefen faranti. Shi ne kukun jirgin, ƙanen mahaifiyar Tarmuji ne, kuma ya fi shekara talatin a teku. Kicin ɗin nasa ƙarami ne, in mutum biyu suka tsaya sai ɗaya ya jingina da bango.

"Jibi jirgin dako zai zo kwasar kaya," in ji shi. "Kukunsu mutumin Brebes ne, mun yi aiki tare. Ya yarda zai karɓi gawar. Akwai masallaci bayan tasha, limamin yakan rufe irin waɗannan ba ya tambaya. Kwana biyu kacal, Tarmuji. Ka riƙe bakinka kwana biyu."

"A rufe shi a garin da ba mu sani ba? Ba suna, ba kowa?"

"Ƙasa ce dai. Kumatunsa zai taɓa ƙasa."

"Kusa da kabarin Baba akwai wuri. Inna ta hana kowa shuka ko rogo a wurin."

"Innarka yayata ce, kada ka gaya mini Innarka." Rasiman ya ture farantin. "Ni na kawo ku jirgin nan. Kana tsammani ina barci?"

Tarmuji ya juya ya leƙa ta ƙaramar taga. Wani jirgi yana nan tafe, launin toka, da tuta ja da fari a bayansa. Jirgin sintirin gwamnati. Tun hantsi suka hango shi kamar ɗigo, yanzu har ana iya ganin mutane a samansa. Wata ashirin da biyu suna tekun Arafura, ba su taka ƙasa ba, kuma wannan ne jirgin hukuma na farko da ya nufo su.

"Allah ne ya kawo su," in ji Tarmuji.

"Allah ne ke kawo kowa. Duba waje da kyau. Kyaftin ya gudu?"

Bai gudu ba. Ya ma rage wuta yana jira.

"Ya ɓoye tarun?"

Tarun yana shimfiɗe a fili da ƙofofinsa na ƙarfe, irin wanda ke kankare gindin teku ya kwaso komai, wanda doka ta hana tun Tarmuji yana makaranta.

"Kofi ya ce in dafa," in ji Rasiman. "Ya ce in fito da kofuna masu fure. Ka taɓa ganin ɓarawo ya fito wa ɗan sanda da kofuna masu fure?"

Tarmuji ya bar tagar. Ya fita.

Yau kwana talatin da ɗaya da mutuwar Darsono. Ƙafafunsa ne suka fara kumbura, har takalmin roba ya ƙi shiga. Kumburin ya hau ciki, ya hau ƙirji. Kyaftin ya ba shi ƙwayar ciwon kai guda biyu, ya nuna masa wurin aiki. Da safe ya cika, a zaune, bayansa jingine da tulin igiya, domin kwanciya ta gagare shi. Kyaftin ya sauko, ya taɓa shi da ƙafa, ya nuna teku. Kyaftin baƙo ne daga wata ƙasa can arewa. Kalmomin harshensu da ya sani ba su fi goma ba, fiye da rabi zagi.

Sai suka yi abin da ba su taɓa tsammanin za su iya ba. Mutum ashirin da biyu, ba wanda ya fasa. Kowa ya zuba rabin kofin ruwan shansa a bokiti, Rasiman ya yi wa gawar wanka a bayan injin, ya naɗe ta da zanensa na salla. Suka cika buhu biyu da ruɓaɓɓen kifi, suka ɗinke su tsawon mutum, suka ɗaura sarƙa. Suka yi sahu. Rasiman ya tsaya gaba yana motsa baki, amma bai yi kabbara ko ɗaya ba, ya ce ba zai sallaci kifi ya je ya amsa tambaya a lahira ba. Kyaftin yana sama yana kallo, da sigari a baki. Buhun ya faɗa ruwa.

Darsono kuwa yana ƙasa, a ɗakin ƙanƙara, bayan layi na uku na kwalayen jatan lande. Tarmuji ne mai aikin ɗakin, mabuɗin yana wuyansa. Kullum da safe in ya shiga yakan yi sallama. Wani lokaci ya gaya masa abin da aka kama, ko wanda ƙugiya ta yanka. Ba ya daɗewa. Sanyin yana cin kunne.

Saura kwana tara arba'in. A ƙauyensu na gaɓar Tegal, ranar arba'in maƙwabta kan cika tsakar gida, a yi tahlili, a raba shinkafa a kwandunan gora. Inna ba ta ma san ya mutu ba. Wannan ne abin da ke cin Tarmuji fiye da yunwa.

A saman jirgi mutane sun fara taruwa. Kasnawi, wanda injin jan taru ya cinye wa yatsu uku, yana tsaye yana shafa kansa da ruwan teku.

"Tarmuji, taje gashi mana! Gwamnati ta zo gaishe mu. Wataƙila da mata ta zo."

"Wace mace za ta kalle ka?" wani ya ce daga baya.

"Wadda ba ta iya ƙirga ba." Ya ɗaga hannun nasa mai yatsu biyu. Aka yi 'yar dariya, gajera. Ya matso kusa da Tarmuji, murya ƙasa. "Tsohon kawunka ya yi maka magana?"

"Ya yi."

"To ka ji. Waɗannan baƙin Hasan ne, ba na Husaini ba."

Haka suke kiran jiragen. Kamfanin yana da izinin jirgi ɗaya mai lamba goma sha bakwai, sai ya ƙera biyu. Fenti ɗaya, shuɗi da fari, lamba ɗaya a goshi. Hasan shi ne mai shiga tasha, da ƙaramin taru na halal da ma'aikata masu wankakkun riguna. Husaini shi ne nasu, shi ne mai kamun, ba ya zuwa ko'ina. Jirgin dako ke kawo masa mai da shinkafa da taliyar leda, ya kwashe kifi. Sau biyu suka taɓa ganin Hasan, ya raɓo su aka miƙo wa kyaftin jakar takardu a sanda. Mutanen cikinsa ba su ko ɗaga musu hannu ba.

Ƙaramin kwalekwale mai inji ya taso daga jirgin sintirin. Mutum huɗu. Uku matasa da bindigogi, na huɗun hafsa ne, dattijo kaɗan, mai tumbi madaidaici, rigarsa ta sha guga. Ya hau tsani a hankali. Ya tsallake tarun kamar yadda ake tsallake kwata. Kyaftin ya tare shi da hannu biyu. Suka hau sama, suka sha kofi. Ma'aikata suna tsaye a rana.

Da ya sauko, da babban littafi a hammata, sai ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya murmusa.

"Kai, waɗannan fuskokin ai na gida ne. Su wa ke nan 'yan Tegal?"

Tarmuji ya ɗago kai. Ba harshen ofis mutumin ya yi ba. Harshen gida ya yi, da nauyinsa, da yadda suke dunƙule ƙarshen magana har mutanen birni su riƙa yi musu dariya. Muryar kamar ta mai shayin bakin gadarsu. Hannaye suka tashi, fiye da goma.

"Ai na sani. Warin tempe, wainar waken gidanmu, na ji tun daga can." Aka yi dariya, ta gaske wannan karon. "Ni ma kakata a bayan kasuwar kifi take. To, 'yan'uwa, mu yi mu gama, rana tana da zafi."

Rasiman yana tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu. Tarmuji ya ji idonsa a ƙeyarsa. Bai waiwaya ba.

Hafsan ya buɗe littafi ya fara kira. Kasnawi. Na'am. Rasiman. Na'am. Wahidin. Sukirno. Bai ɗaga kai ba, alƙalaminsa yana gaba da amsa.

"Darsono."

Shiru. Alƙalamin ya ja layinsa ya wuce.

"Tarmuji."

"Darsono bai amsa ba, Yallaɓai."

Hafsan ya ɗago. "Kai ne wa?"

"Tarmuji. Ƙanensa. Ya rasu, yau kwana talatin da ɗaya. Ƙafafunsa suka kumbura, aka hana shi magani." Maganar tana fita da sauri, ya kasa tare ta. "Yana ƙasa, a ɗakin ƙanƙara. Ba mu jefa shi ba. Yallaɓai, don Allah, ka tafi da shi. Daga gadar kasuwa in ka bi hagu, ƙauye na biyu, ka tambayi gidan Wartinah. Kowa ya san ta. Saura kwana tara arba'in."

A bayansa ya ji kofi ya faɗi ya fashe.

Kyaftin bai ji harshen ba, amma ya ji sunan. Ya cire sigarin daga bakinsa.

Hafsan ya daɗe yana kallon Tarmuji. Ba fushi a fuskarsa. Ya rufe littafin, ya dafa kafaɗarsa.

"Zo, ƙanena. Zo inuwa."

Ya ja shi gindin matakala. Ya buɗe littafin a kan gangar mai, ya lasa yatsa, ya juya shafi.

"Ka yi makaranta?"

"Na gama sakandare."

"Madalla. Karanta mini nan."

Sunan Darsono ne, da sunan babansu, da ƙauyensu, da ranar haihuwarsa. Komai daidai. A gefe akwai hoto. Wani mutum ne mai kumatu, gashi kwance, da tabo a gira. Tarmuji bai taɓa ganinsa ba.

"Wannan ba shi ba ne."

"Karanta ƙasa."

Hatimin tasha. Hatimin likita, lafiya lau. Kwanan watan kwana takwas da suka wuce.

"Jirgi na goma sha bakwai ya shiga tasha kwana takwas da suka wuce," in ji hafsan, a hankali, kamar malami. "An duba shi. Mutum ashirin da uku suka sauka, ashirin da uku suka hau. Darsono ya sauka da ƙafarsa. Likita ya gwada shi. Juya."

Tarmuji ya juya shafin. Sunansa. Wani mai gashin baki, ya girme shi da shekara goma. A ƙasa, dangwalen yatsa da shuɗin tawada, da layi biyu na rubutu. Ya karanta su sau biyu. Tarmuji ya amince da son ransa ya ƙara shekara biyu.

"Ban dangwala ba. Ban sauka ba. Yallaɓai, dubi ƙafata, wata ashirin da biyu..."

"Na gani."

"Wancan jirgin ne. Biyu ne. Kowa ya sani."

"Jirgi na goma sha bakwai ɗaya ne. Ga shi ina tsaye a kansa."

"To zo ka gani da idonka. Matakala goma sha biyu ce kawai."

Hafsan ya ciro hankici ya share wuya. Ya dubi wajen yaransa, ya rage murya.

"Saurara, ɗan gida. Don kakata nake gaya maka wannan. In na sauka na ga gawa, dole in rubuta. Gawar wa? Darsono yana raye, ga hatimi. To mutum ne marar suna, a jirgin da aka duba tsaf kwana takwas da suka wuce. Wani ya kashe shi ya ɓoye. Sai in tambaya, mabuɗin ɗakin yana hannun wa?"

Idonsa ya sauka kan igiyar da ke wuyan Tarmuji.

"Kuma in na rubuta, teburin wa takardar za ta je? Teburin wanda ya buga wannan hatimin. Maigidana ne. Ni 'ya'ya huɗu gare ni, biyu suna jami'a."

"Ka kira Inna kawai. Ko saƙo. Ta yi masa sadaka."

"Innarka tana samun saƙo. Duk saukar jirgi kamfani yana aika wa iyalai: sun iso lafiya, sun koma lafiya, suna gaisuwa. Makon jiya ma an aika. Ka bar tsohuwa da kwanciyar hankalinta."

Tarmuji ya tsaya. Ya ga Inna a bakin ƙofa, an karanta mata saƙon, tana cewa alhamdulillahi. Yayansa a lokacin yana da kwana ashirin da uku a cikin ƙanƙara.

"Ku yi masa salla," in ji hafsan. "Teku ma ta Allah ce." Ya zaro kwalin sigari mai kanumfari, irin na gida, ya cusa masa a aljihu. Ya ɗauki littafinsa.

Ya yi magana da kyaftin a gefe, da gutsattsarin harshen kyaftin da hannu. Ba ta yi tsawo ba. Kyaftin ya dubi Tarmuji, ya dubi Rasiman, ya gyaɗa kai. Daga nan ya ɗaga yatsu, ya nuna ƙasa: a fito wa baƙi da kwalayen jatan lande.

"Ƙanena," hafsan ya kira. "Daga layin sama za ka ɗebo. Na kusa da ƙofa."

Tarmuji ya sauka. Ya buɗe. Sanyi ya buge shi. Bai yi sallama ba, kunya ta hana shi. Ya ɗauko kwalaye daga layin sama, na kusa da ƙofa, ya hau da su a kafaɗa, ya sake sauka. Matasan masu bindiga suna karɓa suna jerawa a kwalekwale. Ɗaya ya ce masa na gode.

Jirgin sintirin ya busa ƙaho ya juya. Suna kallonsa har ya koma ɗigo.

Kyaftin bai yi ihu ba. Ya hau sama ya sauko da bindigarsa. Ya wuce Tarmuji kamar bai gan shi ba, ya tsaya gaban Rasiman, wanda ya ja sallar buhun kifi. Ya buge shi da gindin bindigar a baki. Tsohon ya zauna a ƙasa cikin fasassun kofuna. Ya tofar da jini da haƙori ɗaya, ya dubi haƙorin, ya saka a aljihu.

Kyaftin ya nuna ƙasa, ya nuna teku. Ya kunna sabon sigari ya ɗaga shi sama. Sun gane. Kafin ya ƙare.

Su huɗu suka fito da Darsono. Ya yi tauri kamar katako, ya fi yadda yake da rai nauyi. A kwanar matakala kansa ya bugi ƙarfe, ƙarar ta yi kamar an bugi dutse. Kasnawi ya ce, "Yi haƙuri, Yaya Darsono," kuma ba wasa yake ba. Suka shimfiɗe shi a kan murfin ramin ajiyar kifi. Da rana ta taɓa zanen sai ya fara hayaƙi.

Kyaftin ya matso ya ɗaga gefen zanen da bakin bindiga, ya tabbatar wannan karon ba kifi ba ne.

Tarmuji ya durƙusa. Ya kwance ƙullin kai. Fuskar ta yi fari da ƙanƙara, gira da gashin baki duk sun yi furfura. Darsono bai kai talatin da biyar ba. Ya yi kama da Baba.

Ranar da za su taho, Inna ta duƙa a bakin ƙofar gida ta kankaro ƙasa da cokali, ta ƙulle musu a tsumma, kowa nasa, kamar yadda ake yi wa mai tafiya nesa don kada kewa ta kama shi, don kuma ƙasar ta jawo shi gida. Darsono ya yi mata dariya, amma ya ɗaura a ƙugu. Tun ranar wanka ƙullinsa yake wurin Tarmuji. Ya ciro shi, ya kwance da haƙori. Ƙasar ba ta fi cikin cokali biyu ba, ja-ja, ta bushe. Ya tura ta ƙarƙashin kumatun dama. Iska ta ɗebi rabi.

Ya dubi abin da ya rage. Bai isa ba. Ya sa hannu a ƙugunsa ya tsinko nasa.

"Bar naka," in ji Rasiman, bakinsa ya kumbura, maganar tana fita da kyar.

Tarmuji ya kwance ya zuba duka. Ya tare da tafinsa har ta jiƙe da ruwan ƙanƙara ta manne a fata. Ya mayar da ƙulli.

Sarƙa ta ƙare a jana'izar farko. Suka ɗaura tsohon ƙarfen inji a ƙafafu. Rasiman ya dubi rana ya nuna alƙibla da haɓa. Injin bai tsaya ba, jirgin yana ta karkata, alƙiblar tana zamewa daga gabansu. Ya ɗaga hannu duk da haka. Wannan karon ya yi kabbara, huɗu cif, da ƙarfi, jini yana bin gemunsa. A ta uku muryar Kasnawi ta karye.

Sigarin kyaftin ya ƙare kafin sallama. Ya jefar da guntun, amma ya jira.

Suka ɗaga murfin ramin da shi a kai, suka karkata. Ya zame. Ruwan ma bai fantsama sosai ba. Zanen ya yi kore a ƙarƙashin ruwa, ya yi duhu, ya tafi.

Tarmuji ya tsaya a wurin yana neman alama. Ba tsibiri, ba dutse, ba tsuntsu. Ruwa ne kawai, irin na jiya.

Kyaftin ya hau sama ya juya jirgin. Ya yi tafiyar awa guda cur kafin ya kaɗa ƙararrawar sakin taru. Wahidin ya ce ashe kafirin yana da ɗan imani.

"Imani?" in ji Kasnawi. "Tarun nan gindin teku yake shara. Tsoro yake kada mu sake kamo shi."

Ba wanda ya yi dariya. Suka saki taru.

An karɓe mabuɗin daga wuyan Tarmuji, aka mayar da shi wurin injin jan taru, inda Kasnawi ya bar yatsunsa. Ba wanda ya zage shi. Ba wanda ya ce masa komai. Da ma sun zage shi. Wurin cin abinci sukan matsa masa wuri kamar kullum, sai dai hira takan mutu in ya zauna. Sigarin hafsan yana aljihunsa. Ya yi niyyar jefa shi ruwa, sai ya ga yadda Sukirno ke kallon aljihun. Ya miƙa masa. Aka raba, kara ɗaya mutum biyu. Jirgin ya yi warin gida har la'asar.

Jibi ya zo, jirgin dako ya zo da shi. Aka ɗaura igiyoyi, ƙugiya ta fara ɗaga kifi. Kyaftin yana tsaye da bindiga a inda jiragen biyu suka haɗu, kamar kullum, kada wani ya tsallaka. Daga can wani gajeren mutum mai tawul a wuya ya leƙo ta ƙofar kicin ɗinsu. Mutumin Brebes. Ya nemi Rasiman da ido, ya same shi, ya nuna ƙasan jirginsu da babban yatsa, ya buɗe hannaye tsawon mutum. Ya share wuri.

Rasiman ya girgiza kai.

Mutumin ya tsaya da hannayensa a buɗe. Sannan ya sauke su, ya goge da tawul, ya koma ciki.

Tarmuji ya gani. Yana riƙe da igiya, bai saki ba har aka gama lodi.

Da jirgin dakon ya tafi sai ya shiga kicin. Rasiman yana zaune gaban farantinsa, an kawo sabuwar shinkafa, ita ma da ƙwarinta. Leɓensa ya yi baƙi. Ya matsa, Tarmuji ya tsugunna, ya ja farantin tsakaninsu. Suka yi ta tsinta.

"Kawu, ka zage ni mana."

"Da wane baki?"

"Da na riƙe bakina, da yanzu yana hanya."

"Da yanzu yana hanya," in ji Rasiman. Bai ƙara ba, bai rage ba.

"Harshenmu ya yi, Kawu. Ya ce kakarsa..."

"Na ji shi. Ni ma sai da gabana ya faɗi."

Ƙwaro ya gudu gefen faranti. Tarmuji ya danne shi.

"Ran arba'in zan dafa shinkafa da ɗan yawa," in ji tsohon. "Mu ashirin da biyu mun isa tahlili. Ba sai an yi da ƙarfi ba."

"Inna fa?"

"Innarka za ta sami saƙo. Sun iso lafiya."

Ta taga ana ganin hayaƙin jirgin dakon yana ƙanƙancewa wajen yamma, wajen ƙasa. Tarmuji ya kai hannu ƙugunsa inda ƙullin yake zama. Igiyar kawai ya taɓa. Ya tuna mai gashin bakin nan na cikin hoto. Yanzu wataƙila yana zaune a rumfa bayan tasha, ƙafarsa a ƙasa, yana shan shayi, wani ya kira Tarmuji ya waiwaya. Kusa da shi mai kumatun nan, mai tabo a gira, lafiya lau.

Ya danna idon sawunsa da yatsa, kamar yadda ya ga Darsono yana yi a farko. Ya ɗaga yatsan. Ramin bai cike da wuri ba. Ya ja ƙafar wando ya rufe, amma Rasiman ya riga ya gani. Hannun tsohon ya tsaya a cikin shinkafa.

A waje ƙararrawar taru ta kaɗa.

"Kawu," in ji Tarmuji. "In ni ma na bi shi, shekara nawa zan ci gaba da gaishe da Inna?"